Fallen Kwano Ɗaya da Faɗuwar Rana

Yaushe ne rana take faɗuwa? In ta ɓace wa mutumin kwari, ko sai ta ɓace wa na kan tudu? Na daɗe ina juya maganar a raina, ban kamo bakin zarenta ba.

Pu Thangzika dai bai taɓa shakka ba. Kirista ne mai kiyaye Asabar, ranar da cocinsu ya hana yin aiki, kuma gidansa ne na can ƙasa a ƙauyensu da ke tsaunukan Mizoram. Ran Juma'a, da zarar rana ta shige bayan dutse, ya ajiye aiki ke nan sai gobe war haka.

Wannan Juma'ar yana sauya rufin gida. Saura fallen kwano ɗaya, ya sauko ɗebo ƙusoshi, sai inuwa ta rufe tsakar gidan. Ya ajiye guduma, ya wanke hannu. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kafar da ta rage kuwa tana saitin gadon tsohuwarsa, gadon gora da aka kafe a jikin bango. Ita kuma ta daɗe ba ta iya tashi.

Matarsa Hmingi ta ce, "Baban Zuali, ka hau ka ƙarasa mana."

"Asabar ta shiga."

"A gidanmu ta shiga. Ɗaga kai ka ga dattijon cocinku a kan tudu, har yanzu faskare yake yi!"

"Shi da ranarsa, ni da tawa."

"To ka hau rufin. Daga can ai za ka hango ta."

Thangzika ya girgiza kai. Abin da ya fi tsoro ke nan. In mutum ya bi rana da tsani yau, gobe bishiya zai hau mata, jibi tsauni, har ya wayi gari ba shi da Asabar. Ya ce, "Ba a yi wa Allah wayo."

Daga ɗaki tsohuwa, wadda ita 'yar cocin Lahadi ce, ta ɗaga murya. "Hmingi, ƙyale waliyyi. Miƙo min lema. In na mutu ku ce wa fastona tsarkin ɗana ne ya jiƙa ni."

"Inna, ki daina."

"Da na sani ran Asabar na haife ka, da na ce ka koma ka jira Lahadi!"

Ɗigon farko ya faɗo. Thangzika ya ji tsohuwa ta yi tari, irin na gaske, ba na tsokana ba. Ya tsaya yana kallon tsani.

Ya ce, "Zan hau, amma rana kawai zan dubo."

Hmingi ta cusa masa guduma da ƙusoshi a aljihu. "Su ma suna son su gan ta."

Ko ya same ta a can, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya dai janyo fallen kwanon, ya saita ƙusa, ya buga.