Yarinyar Gidan Injin Niƙa

Suwaibatu ta fi kowa sanin ɗiyarta Zulfa ba kurma ba ce. Tun babur ɗin mijinta, Malam Gide, yana bakin titin Sheme yarinyar ke jin sa ta ruga ƙofa. Amma ga ta shekara huɗu, a ce kwano ta kawo kwando, a ce tabarma ta jawo taɓarya. Maganarta kuwa uwar kaɗai ke ganewa.

Goggo, uwar mijin, ta ce iskanci ne kawai. Suwaibatu dai ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tana ɗura masara a injin niƙan da take sana'a da shi a tsakar gida, hankalinta na kan yarinyar, har ta taɓa haɗe garin gida biyu.

Ranar wata Talata ta rufe injin ta kai ta asibiti a Ƙanƙara. Wata ma'aikaciya ta shiga da su ɗaki shiru, ta tsuguna tana faɗin kalmomi a hankali, Zulfa na nuna abubuwa. A rabin kalmomin kawai ta dace. Matar ta tambayi inda yarinyar ke wuni. Suwaibatu ta ce gindin inji, tun tana goye.

"Kunne ɗauko sauti kawai yake yi," in ji matar. "Ƙwaƙwalwa ke rarrabe shi, ta yaro kuwa da saurare take koyo. Ban ce injin ne kaɗai ba. Amma ki ba ta shiru, a riƙa yi mata magana fuska da fuska."

A mota Suwaibatu ta riƙa tuna ƙarar injin. Ashe da hannunta take kunna abin kowace safiya.

Ta roƙi Goggo ta riƙa ɗaukar Zulfa zuwa can ƙarshen unguwa lokacin niƙa. Tsohuwar ta yi mita, ta karɓa. Suna tsintar wake tana kiran mata sunan komai, tana maimaitawa. Bayan wata huɗu maƙwabta suka fara gane maganar yarinyar, ko da yake in hayaniya ta yi yawa har yanzu sai ta tsaya tana kallon baki.

Hankalin Suwaibatu bai kwanta ba, don tana ɗauke da cikin wata bakwai. Ta matsa wa Malam Gide a gina wa injin ɗaki a bayan gari. Ya ce sai an gama girbi. Washegari ta sa aka sauke mata ƙasar gini, ta ɗaura zani ta fara jiƙa ta da kanta.