Giwa Biyu a Farin Gida

Malam Kyari mai gyaran agogo ya fi shekara ashirin yana tsallakawa daga Fagge zuwa Sabon Gari duk ranar Lahadi bayan azahar. Babarbare ne haifaffen Kano, kuma tun yana saurayi ya koyi wasan ces, wanda maƙwabtansa ke kira darar Turawa, a wurin wani Balaraben Tarabulus mai sayen fatu. Shi ya sa ɗan wasan nan mai tafiya a karkace, wanda wasu ke ce wa bishof, shi giwa yake ce masa.

Abokin karawarsa Ambrose ne, ɗan Ibo mai gyaran tafireta, mutum mai faɗin ƙirji da dariyar da ake ji daga bakin titi. Yaƙin basasa ya raba su shekara huɗu. Ran da Ambrose ya dawo Kano, ko gajiyar jirgin ƙasa bai sauke ba ya aika Fagge a tambayo ko allon wasan yana nan. A cikin wasa goma, da ƙyar Kyari yake cin biyu, kuma bai taɓa jin haushi ba.

A shekarar 1977 gari ya cika da kuɗin mai. Masinja ma sai da ya ɗaura agogo, teburin Kyari a Titin Ibrahim Taiwo ba ya rabuwa da jama'a, kowane sabon ofis kuma yana neman Ambrose. Ana cikin wannan hada-hada, wata Talata, Ambrose ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Sai ido.

Matarsa Felicia, wadda ke saro kayan masarufi a Kasuwar Singa tana sayarwa a ƙofar gida, ita ta je Fagge da kanta.

"Malam Kyari, ka ci gaba da zuwa," in ji ta. "Ba ya kallon rediyo, ba ya kallon mutane. Allon nan kawai yake kallo a kan kabad."

Kyari ya je. Da ya ga yadda abokinsa ke jan ɗan wasa da hannun hagu yana karkarwa, yawu na taruwa a gefen bakinsa, sai zuciyarsa ta karye. Ya bar dokinsa a inda za a ci. Mako na biyu ya yi kamar bai ga sarauniyarsa na cikin hatsari ba. A mako na uku, da ya sake miƙa soja a banza, Ambrose ya zuba masa ido har Kyari ya sunkuyar da kai. Sannan Ambrose ya sa hannun hagu ya share allon gaba ɗaya, 'ya'yan wasa suka watse a siminti, ya juya fuska bango.

Kyari ya koma gida, ya ba matarsa Yakaka labari. Tana tsugune tana haɗa turaren wuta, ba ta ko ɗago ba.

"Hannunsa ne ya mutu, Malam, ko kansa?"

"Hannu da baki."

"To me ya sa ka binne masa kan? Mutumin da ya shekara ashirin yana kayar da kai, yau ka koma ba shi sadaka. Ni ce da allon zan jefe ka."

Maganar ta yi masa zafi, har ya ƙi cin tuwo. Amma Lahadi na zagayowa ya ɗauki kekensa. Ya tarar da Ambrose a kujerar katako a baranda, an yafa masa zane a gwiwa. Kyari bai yi dogon gaisuwa ba. Ya jera 'ya'yan wasa, ya ɗauki farare.

"Oga Ambrose, yau ba sani ba sabo," ya ce. "In ka faɗi, ka faɗi."

Ambrose bai motsa fuska ba, amma ya gyara zama.

Wasa ya ɗauki zafi. Kyari ya tashi ya yi la'asar a kan buzun da Felicia ke ajiye masa, ya dawo suka ɗora. Sarauniyoyi suka tafi, dawakai suka tafi, soraye masu tafiya a miƙe suka tafi. Kyari yana share gumi da hularsa, domin ko sau ɗaya ba a ba shi abin banza ba. Da rana ta fara sanyi, allo ya zama fili. Kyari yana da sarki, da giwa ɗaya mai bin fararen gidaje, da soja guda da ya rage masa taki ɗaya ya kai ƙarshen allo. Ambrose yana da sarki a lungu, da tasa giwar, ita ma mai bin fararen gidaje. Can ɗaya gefen kuma sojoji bibbiyu sun yi karo goshi da goshi, ba mai iya gaba.

Sai Ambrose ya ja giwarsa baya, ya manna ta jikin sarkinsa a layin ƙarshe, ya bar hanya buɗe.

Kyari ya dubi allon. Ya ɗauka cutar ce ta yi aikinta, domin a dokar wasa sojan da ya kai ƙarshe yana zama abin da mai shi ya zaɓa, kuma kowa sarauniya yake zaɓa. Felicia, wadda shekarun kawo musu shayi suka koya mata wasan, ta ɗauko farar sarauniya daga gefe ta ajiye kusa da hannunsa, idonta cike da hawaye.

Ya tura sojan. Yatsunsa sun kusa taɓa sarauniyar, sai ya lura Ambrose ba allo yake kallo ba, hannunsa yake kallo, kallon mai kamun kifi da ya ji motsi a igiya. Kyari ya janye hannu, ya sake duba allon kamar yadda yake duba cikin agogo.

In ya sa sarauniya, za ta tsare layin ƙarshe. Giwar Ambrose ba za ta iya gusawa ba, don in ta gusa ta tone sarkinta. Sarkin ba shi da gidan shiga, domin sarkin Kyari ya tare masa gaba. Sojoji a cije. Wanda kuwa ba shi da abin motsawa, kuma ba a kai wa sarkinsa hari ba, ba a ci shi ba: wasa ya tashi canjaras. In soro ya sa, duk kanwar ja ce.

Tarko ne. Mutumin da ba ya iya kiran sunan matarsa ya haƙa masa rami tun taki biyar baya.

Kyari ya rasa ko kuka zai yi ko dariya. Ya ga kuma yadda faɗawa ramin zai yi sauƙi: ya ɗora sarauniya, ya dafe kai, ya ce kash, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ba wanda zai gane. Sai dai mutum ɗaya.

Ya ture sarauniyar gefe. Doki ya yi masa nisa da inda aikin yake. Ya lalubo giwarsa da aka cinye tun farkon wasa, ya dasa ta a inda sojan ya tsaya, a farin gida.

"Haba Malam!" in ji Felicia. "Giwa biyu a launi ɗaya? Ai ko shekara za su yi ba za su kama sarki ba. Rabin allon ma ba sa gani."

"Gaskiyarki, Maman Nneka. Ba sarki na aike su kamawa ba."

Sojojin Ambrose biyu a kan fararen gidaje suke tsaye, kuma giwa ɗaya ce ke gadinsu. Kyari ya bi da giwayensa biyun a hankali, ɗaya a gaba ɗaya na mara mata baya, har suka haɗu a kan soja na baya. Ambrose ya kawo tasa ta tsaya masa. Kyari ya ci sojan da ta farko, Ambrose ya cinye ta, Kyari ya cinye tasa da ta biyu. Wadda ta rage ta ɗauke ɗaya sojan, hanya ta buɗe wa sojojin Kyari, sarkin Ambrose kuwa ya yi nisa da wurin.

Ambrose ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya sa ɗan yatsa ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama. Kafaɗarsa ta hagu ta soma rawa, Felicia ta zabura tana zaton ciwon ne ya dawo. Dariya ce, rabin baki, ba sauti. Ya nuna giwar da ta rage, leɓɓansa suna kokawa.

"Ɓa... ɓarawo," ya ce.

Tiren shayi ya kuɓuce daga hannun Felicia. Ta durƙusa gabansa tana yi masa magana da Ibo, tana kuka, tana roƙon ya sake faɗi. Bai sake ba. Sai ya ƙwanƙwasa allon da yatsa, ya dubi Kyari, ya tattaro ƙarfinsa.

"Jera."

Kyari ya jera. A wannan wasan Ambrose ya yi masa kaca-kaca kafin a kira magariba.

Hannun dama bai dawo ba, kuma Ambrose bai sake kwance tafireta ba. 'Yarsa Nneka ce ta karɓi shagon, shi yana zaune yana nuna mata da sanda. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma biyu yau, uku gobe. Bayan damina ya matsa sai an kai shi Fagge, ya sauka daga tasi a bakin layi, ya ƙarasa gidan Kyari da ƙafarsa yana dogara sanda. Yakaka ta aiko da burabusko da miyar kuka. Ambrose ya dubi kwanon, ya dubi hannunsa na hagu, ya tsaya.

"Ci abinka, lalura ce," in ji Kyari, ya matso masa da kwanon. "Ka yi sauri dai, miyar tana hucewa."