Sunana Cikin Waɗanda Kogi Ya Ci

Da jan biro aka kashe ni karo na biyu, ranar wata Talata bayan azahar.

Jikata Bibata, 'yar aji huɗu, ita ta shigo ta wurgo min littafin rubutunta a cinya. Idanunta sun yi luhu-luhu.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?"

"Kai ne, Kaka! Kai da labaranka."

Ashe Malama Hamsatu ce ta raba ajin gida biyu. Rabi su karanta labarin jirgin kasuwar garinmu da ya nutse a littafin da ke cikin akwatin littattafan ajin, rabi su nemo shi a kwamfutocin hannu shida da aka kawo wa makarantar. Tambaya ɗaya ce: mutum nawa suka tsira? Littafi bai faɗa ba. Intanet ta ce babu ko ɗaya. Bibata ta rubuta, "Ɗaya, kakana." Malama ta ja mata jan layi, yara kuma suka rako ta da waƙar jikar fatalwa har ƙofar gida.

Ni, Tinni Sorko, da na rungumi guntun katako har kogi ya gaji ya tofar da ni a ƙasar Benin!

Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma washegari na shiga ajin da sandata. Sai da na tsaya tsakiya na yi sallama.

"Baba, lafiya?" in ji Malama.

"Lafiya ƙalau, 'yata. Gawa ce ta zo gaishe ku."

Yara suka tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Baba, da abin da aka rubuta nake gyara musu aiki."

"To, a karanto min mutuwata in ji."

Ta miƙa wa Bibata kwamfutar. Yarinya tana karantawa da Faransanci, tana juya min da Zabarmanci. Sunaye goma sha uku. Saini ɗan Gado. Hamani Maƙeri. Yayana Jibo. Allah shaida, na zo ne in rotsa abin nan da sanda. Sai ta karanto Tahiru da Kimba, mutum biyun da na yi shekaru ina lissafa su a yatsa, sunansu yana kufce min. Na sauke sandar na dogara da ita. Tsufa ne, ba komai ba.

"Na ƙarshe, Tinni ɗan Mumuni," in ji Bibata.

"Ga shi nan a tsaye," na ce. "Magatakardan kumandan da ke mulkin yankinmu ya rubuta takardarsa kwana uku da nutsewar, ni kuwa sai bayan wata uku na dawo. Na tarar an cinye sadakar arba'in ɗina, ko loma ba a ajiye min ba."

Malama ta karɓi kwamfutar daga hannun Bibata.

"Ba ni na rubuta ba, Baba. Ba ni da ikon gogewa."

"Kada ki goge kowa. A bar su inda suke, tunda an samu mai riƙe su. Yarinyar nan za ki mayar wa makinta, a gaban waɗanda suka yi mata waƙa."

Ta ɗauki biron, ta soke layinta da kanta, ta ɗaga littafin kowa ya gani. Bibata ko kallona ba ta yi ba, sai hancinta da ya koma sama.

Daga nan Malama ta ce kowa ya fito da takarda ya rubuta abin da zan faɗa, za a liƙa mafi kyau a bayan littafin akwati. Na ba su tun daga tashin iska har kadoji uku da suka bi ni. Wata mai giɓi ta ɗaga hannu ta ce bara biyu na ce.

"Ke kika shiga ruwan ko ni? Rubuta uku."

A kwamfutar har yau ina ƙarƙashin ruwa. Kowace shekara sababbin 'yan aji huɗu sai sun karanta haka, sannan Malama ta aiko a kira ni. Na ce ta ci gaba da aikowa. Ba ni da niyyar mutuwa nan kusa in gaskata kwamfutar.