Tulun da Ka Bari Yana Numfashi

…kuma wai numfashi yake. Tulu. Kai ka daina, shi ya ɗauka. Na kara kunne jikin ƙofar ɗakinka ina jin sa, sss… sss… kamar yaro mai mura yana barci. Tun da aka fita da kai a makara ban taɓa ƙofar nan ba, na ce sai ranar da zuciyata ta iya. To yau ma ba zuciyar ce ta kawo ni ba, hanci ne.

Ayaba. Ayaba da kanumfari. Ni na soya alkamar nan da hannuna, na san ban sa ko ɗaya a ciki ba, to daga ina? Kuma a ƙarƙashinsu akwai wani warin, mai tsami, mai hawa kai — a'a. Ba zan kira sunansa a gidan da ake zaman takaba ba.

Yayanka Malam Salihu ya aiko. Wai in an sauko daga azahar zai zo da dattawa biyu na masallaci su buɗe ɗakin, a fitar da rigunanka a yi sadaka, a duba abin da ka bari. Malam Salihu, na'ibin liman, wanda yake jiyo warin albasa a bakin mutum daga sahu na uku. Ga rana ta kusa tsakiya. Malam, mijina, me ka bar min?

Ilu Kuku, haka mutanen Kabara suke kiranka har ka yi furfura. Saboda Bajamushen nan mai sayen ƙiraga a Fagge, da ka yi wa girki kana saurayi, kafin yaƙi ya tashi a zo a kwashe Jamusawa. Bai bar maka agogo ba, bai bar maka keke ba, sai wannan baƙin ruwan alkama. Ranar da ka fara nuna min, ina amarya, na ja da baya na ce, «Wannan ba abin Sabon Gari ba ne?» Ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ka ce, «Haba Luba! Shi Bajamushen nasa wani gari yake zuba masa, ya toshe shi ya bar shi makonni, shi ne haramun ɗin. Namu kunu ne da ya yi boko. Yau a dafa, gobe a shanye, jibi a ba ƙasa.»

Na yarda. Me zai hana? Zaƙi ne da shi, da ɗan ɗacin ƙauri, kamar ƙanzon tuwo da zuma.

A jiƙa alkama… a shimfiɗa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har ta fid da tsiro… a shanya a kan soro, ni ce mai korar tattabaru. Kashi ɗaya a soya a kasko. Kana tsaye a kaina kamar mai gadin sarki, «Juya, juya, launin dabino nake so, ba gawayi ba!» Sai ɓarza. Sai ruwan zafi, ba tafasasshe ba — ka kama hannuna ka tsoma min gwiwar hannu, ka ce in na kai ƙarshen salati ban janye ba, to ya yi. Ni kuwa da gangan nake jan salatin, don kar ka saki hannun. Ka sani? Ban taɓa faɗa maka ba… wayyo, Malam, ina kewarka. Kewa har cikin ƙashi.

Laraba muka dafa. Alhamis ka ce kanka na ciwo. Daga nan wa ya tuna da wani tulu?

Shi ke nan ai. Mantuwa ce. An bar shi, zafi ya yi aikinsa, ko fura ce ta daɗe sai ta juya. Ba laifin kowa. Buɗe ƙofar, Luba, buɗe…

Ga buzunka. Ga carbinka a rataye. Ga tulun can a lungu, bayan adaka.

An liƙe bakinsa da yumɓu.

Da faifai muke rufewa. Kullum da faifai. Abin da za a shanye gobe, wa zai kwaɓa masa yumɓu? Ɓera ne, ɓera ya dame ka, ko kyankyaso… to shi wannan sillen karan da aka soka a tsakiya, inda numfashin yake fita? Shi ma don ɓera ne? Ga shatin babban yatsanka a jiki, zagaye da bakin, ɗaya bayan ɗaya, a nutse. Ba aikin mai ciwon kai ba ne.

Tulu biyu muke dafawa. Ɗaya muke sha. Ɗayan ka ce na abokan kasuwa ne, ban kuwa taɓa ganin an fita da shi ta zaure ba. Da ranakun da kake danna sakata ka ce lazimi kake, kar a dame ka, ka fito idonka ya yi laushi kana tsokanata, ni ina murna wai yau maigida yana cikin nishaɗi — a'uzubillahi. Shaiɗan ne. Ana zargin mamaci? Mutumin da bai taɓa rasa asuba a jam'i ba? Ko kuwa… duka biyun kai ne? Tashi ka ba ni amsa mana! Ka saba da gardama, yau ka yi shiru ka bar ni da tulu.

Turai fa. 'Yarmu ɗaya, tana gidan malamai a Gwale, ga ciki. In maganar nan ta fita, kafin magariba ta riga ni isa can. 'Yar mashayi. Har jikokinta za a yi wa gori, magana zarar bunu ce. Kai kuma mutanen da suka yi sahu a kanka suna cewa mutumin kirki ne, su koma suna taɓe baki in an ambace ka. Ba ka bar gona ba, ba ka bar shago ba, sunan nan kaɗai gare ka.

A zubar. A ina? In na tuttula a tsakar gida, rariya za ta kai shi lungu, ya bi ta ƙofar Asibi maƙwabciya, mai baki kamar reza, ya gangara daidai inda ake alwala. Waje kuwa ba ni da ikon taka shi, takaba nake. Saura masai. Abin ƙarshe da hannunka ya yi a duniya, in kai shi masai…

Ɗaga. Ya ƙi. Ko motsi. Kai ne mai ɗaukarsa, ni tawa tacewa ce. Sai dai da ƙwarya, kaɗan-kaɗan. Sai na fasa yumɓun ke nan. Sai na fasa yatsunka. Bari in ɗora nawa a kai tukuna… ya fi nawa faɗi… yafe min.

Kumfa! Ta taso ta bi hannuna, ta jiƙa zanen takabar, ta malala kan buzun. Baƙi ne wuluk, yana ta tsirtuwa. Na ta da abin da yake kwance, warin ya cika ɗakin, ya fita tsakar gida, ya hau katanga. Ƙwarya ɗaya, masai, dawo. Wata, masai, dawo. Na leƙa ciki. Ko wuyan tulun bai sauka ba. Yaushe aka kira sallar, ban ji ba?

Sallama a zaure. Muryar Malam Salihu ce. Da gyaran muryar wasu a bayansa.

Zan ce nawa ne. Ni na jiƙa, ni na soya, ni na tace, ina ƙaryar take? Su kai ni gaban alƙali, ni ina da bayan da zai ɗauki bulala, kai ba ka da komai sai suna. Zan ce ba ka sani ba, zan rantse… in rantse da me? A kan abin da ni kaina ban… Shekara nawa muna shan ƙwarya ɗaya, Malam, ashe akwai ta biyu?

Ya sake sallama. Sai an amsa. Ƙwaryar tana hannuna a cike, tana zuba ta gefe… na rasa inda zan ajiye ta…