Ƙishirwar 'Yan Tsaki

Bara cuta ta shiga ɗakin kajinta ta yi musu ƙarƙaf, ko ɗaya ba ta tsira ba. Shi ya sa bana, da ta zuba 'yan tsaki ɗari biyu, ta riƙe maganar likitan dabbobi hannu bibbiyu. A ruwan sha ake ba su rigakafin. Sai an janye musu ruwa, ƙishirwa ta kama su sosai, yadda ana ajiye wanda aka dama za su shanye, don in ya wuce awa biyu ya tashi aiki.

Da safe ta kwashe robobin ruwan ta kife, ta tafi karɓo maganin cikin ƙanƙara. Ba ta yi tunanin Baba ba. Mahaifinta ne, yana zaune wurinta tun da ya ajiye aiki, kuma irin tsofaffin nan ne da ko kyanwar maƙwabta ta yi kuka sai sun tashi tsaye.

Tana dawowa ta dama maganin a bokiti, ta nufi ɗakin. Shirun da ta ji ne ya faɗar mata da gaba. Ga robobi cike da ruwa, ga 'yan tsaki sun sha sun yi nak, ga Baba yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Wai ta manta da bayin Allah, kukansu ya hana shi sakat.

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hawaye suka riga ta. Da ta yi masa bayani, tsohon ya rasa inda zai sa kansa, har ya ba ta tausayi.

Tunda ba za su sha da kansu ba, sai dai ɗura. Suka durƙusa cikin ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa a ɗakin. Shi ya kamo ɗan tsako ya buɗe masa baki, ita ta ɗiga da sirinji, ɗaya bayan ɗaya. Gwiwoyinsa na ciwo, ta sani, amma ya ci gaba da kamowa.

Awa biyun suka cika, saura 'yan tsaki talatin da ɗaya ba su samu ba. Ta zubar da ragowar ruwan.

Baba ya jawo kwali, ya tsince su a hankali ya sa a ciki.

"Ina za ka kai su, Baba?"

"Ɗakina. In ciwon ya zo, ya same su a wurina. Ni na ja musu."