Kujerar Inna a Jirgin Toronto

"Babu wannan sunan," in ji ma'aikaciyar jirgin, tana turo wa mahaifiyata fasfonta da yatsu biyu.

Inna ba ta ɗauka ba. Tana tsaye a filin jirgin Sofiya, babban birnin ƙasarmu, cikin takalmin da ta saya don wannan rana, da ledar banitsa a hannu, wainar fulawar gargajiyarmu wadda ta gasa mana da cuku mu ci a hanya.

"Sake dubawa, 'yar nan. Velika Doneva. Ni ce mai jan waƙar."

Mu takwas ne mawaƙan ƙauyen Gorna Vishna. Inna ke jan baiti, mu bakwai mu riƙe mata murya ɗaya a ƙasa, kamar yadda iyayenmu suka yi. 'Yan ƙasarmu mazauna Kanada suka ga bidiyonta a wani biki, suka aiko da tikiti tara don mu zaga birane biyar: namu takwas, da na Ciyaman Palev, shugaban ƙaramar hukumarmu, wanda ya naɗa kansa jagoran tawaga. Ofishinsa ne ya tattara takardunmu.

Ban gane inda tikitin Inna ya shiga ba sai da na ga Desi, matar Ciyaman, ta fito daga bayan gida tana gyara ɗankwali. Sanye take da rigar saƙi ta kakata, wadda muka bai wa ɗakin tarihin ƙauye ajiya. An tsaga ta a baya an ƙara ƙyalle don ta shige ta. Hunturu biyu kakata ta yi tana ɗinkin wuyan rigar nan.

"Goggo Velika!" Ciyaman ya iso da hannuwa a buɗe kamar zai rungumi sanda. "Ashe ba a gaya miki ba? Hawan jininki ne. Likita ya ce awa goma a sama ba naki ba ne."

"Wane likita? Rabona da likita tun haihuwar wannan," Inna ta nuna ni da haɓa. "Kai Palev, ni na wanke maka majina a bikin baftismar ƙanwarka. Dube ni da kyau."

Bai dube ta ba. Ya juya ga mijina Dobri, direban ƙaramar hukuma, wanda ya kawo mu a bas ya tsaya riƙe da akwatin surukarsa.

"Dobri, mayar da Goggo gida a hankali. In na dawo ka tuna mini maganar sabunta aikinka, ka ji? Masu nema sun yi yawa bana."

Dobri ya ce to, idonsa a kan takalminsa. 'Ya'yanmu biyu suna makaranta a birni, kuma albashin nan kaɗai ke shiga gidanmu. Na ajiye jakata duk da haka, na ce ni ma na fasa.

"Ɗauki kayanki, Zlatka, kada ki yi mini hauka," in ji Inna. "In kin zauna wa zai ja? Wannan?" Ta kalli Desi sama da ƙasa, ta cusa mini ledar banitsa. "Ki je ki gaya wa mutanen da suka gayyace ni abin da ya faru. Da bakinki."

Na ce zan faɗa. Ta juya, tana ɗan ɗingishi saboda sabon takalmin yana matsa ta, ba ta waiwayo ba.

* * *

A jirgi, kujerar Inna ce kusa da tawa, ta gefen taga. Wata guda cur Inna ta yi tana yi mini kashedi cewa ita za ta zauna a taga, tana so ta ga ko teku ya kai yadda ake zuzuta shi. Desi ta zauna, ta ja murfin tagar, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa.

"Zlatka, ƙawata, waƙar taku ba wuya, ko? Na ga ku dai 'iiii' kuke yi. Ni sai in riƙa motsa baki."

"Motsa," na ce.

Ta leƙa ledar, ta ɓalli banitsa, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, ta ƙara ɓalla. Can gaba mijinta yana faɗa wa wani baƙo yadda ya farfaɗo da al'adun gargajiya a yankinmu. Mutumin da tun hawansa mulki bai sayi ko kwan fitila ɗaya ba a ɗakin da muke atisaye.

Ginka, maƙwabciyata kuma babbar murya a cikinmu, ta tare ni a layin bayan gida.

"Akuyata ma in ta yi atishawa ta fi waccan murya," ta raɗa mini. "Muna sauka ki fasa ƙwan. Ki buɗe baki kawai, mu shida muna bayanki."

Sauran tafiyar na yi ta jera maganata a zuci. Na gyara ta, na rage zagi, na mayar da zagin. Har jirgi ya sauka na haddace ta tsaf.

* * *

Motar haya ce ta ɗauko mu da yamma ta kai mu zauren cocin 'yan ƙasarmu. Mutane sun fi ɗari, sun shirya tebura, sun tare mu a ƙofa da burodi da gishiri. A bangon gaba ga hoton Inna, tsawonsa ya fi ni, bakinta a buɗe tana waƙa.

Shugabansu dattijo ne mai suna Yordan, ɗan ƙauyen da ke hayin koginmu, shekara arba'in rabonsa da gida. Ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya, amma idonsa na kan ƙofa.

"Ina Velika? Ko tana mota?"

Na ja numfashi. Ciyaman ya riga ni. Ya cire hularsa ya rungume ta a ƙirji.

"'Yan'uwa, ban so in gaya muku ta waya ba. Goggo Velika ta riga mu gidan gaskiya, yau kwana tara. Wasiyyarta ita ce kada a fasa wannan tafiya. Ga 'yarta nan, da makokinta ta biyo mu."

Ya yi lissafinsa daidai, la'ananne. Da ya ce ba ta da lafiya, da sun nemi lambarta a take, kuma Inna ba ta iya rufe baki ba.

Wata mata ta fashe da kuka. Na waiga in ga mutum shidan da ke bayana. Ginka tana karanta rubutun jikin kwalbar ruwa. Ɗanta yana jiran takardar izinin gini daga ofishin Ciyaman. Sauran kuwa daga hannunsa suke karɓar itacen hunturu. Ban ga laifinsu ba, amma wallahi a lokacin ƙyamarsu na ji.

Desi ta zaro baƙin gyale daga jakarta ta yafa mini a kai. Ashe da shi ta taho tun daga gida.

Yordan ya cika kofi da jan giyar inabi. A wajenmu ba a shan giya don mamaci sai an fara zuba masa rabonsa a ƙasa, kuma na jikinsa ne ke farawa. Ba a yi wa mai rai. Yin haka kiran mutuwa ne, ko yaro ya sani.

"Karɓi, 'yata," ya ce. "Uwarki ce ta yi waƙa a bikin yayata. Ina ɗan saurayi na haye kogi don in ji ta. Na ce kafin in mutu sai na sake jin muryar nan."

Kofin ya yi sanyi a hannuna. Maganar da na haddace tana nan a maƙogwarona, kalma bayan kalma. Ciyaman ya matso ya dafa kafaɗata kamar mai ta'aziyya, yatsunsa suka nutse har ƙashi.

Na karkata kofin. Giyar ta fantsama a farin tayil.

"Allah ya gafarta mata," mutum ɗari suka amsa, kowa ya zuba nasa.

Yordan ya share ido da bayan hannu, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ta sha wahala kafin ta cika?"

"A'a, Kawu," na ji bakina yana faɗa. "Cikin barci ta tafi."

Ya gode wa Allah. Wata mata ta zo da tsumma ta goge tayil ɗin, aka fara raba abinci.