Hitar da Merv Ya Rataya

Noelene Trewin ta tare ƙofar shagon da jikinta, hannu ɗaya a ƙugu, kamar mai hana kare shiga kicin.

"Ba yau ba, Gino. An kawo mana kaya, jerawa za mu yi. Ka dawo mako mai zuwa."

Gino Spiteri mai gyaran gas ya sauke akwatin kayan aikinsa a bakin titi. Ya haura hamsin, har sanƙo ya cinye masa rabin kai, amma ajinsu ɗaya da ɗanta a firamare, don haka har gobe yaro ne a idonta.

"Misis Trewin, haka kika ce wancan makon. Kwamitin coci ne ya turo ni, ba kawo kaina na yi ba. Tun rasuwar mijinki Merv ba wanda ya buɗe cikin hitar ɗumama shagon nan. Ko mota ce ai an juye mata mai."

"Lafiyarta ƙalau. Ta fi ka ma, dubi tumbinka."

"Daga nan ina hango baƙi-baƙi a silin, daidai samanta. Wutarta shuɗiya ce ko ta koma rawaya?"

"Ni ban saba leƙen cikin kowa ba."

Wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, duk garin Ballarat an shaida. Gino ya yi dariya ya ɗauki akwatinsa, ya ce yana da aiki a shagon taya na ƙarshen layi har la'asar. "In kanki ya fara sarawa, ki wangale ƙofa ki kira ni. Ba wasa nake ba."

Ta rufe ƙofa, ta sa ƙafa ta tura macijin ƙofa, wato tsumman tare iska, ya toshe ƙasanta.

Shagon tsohon sito ne na ulu, coci ta mai da shi wurin sayar da gwanjo: kujeru, gadaje, sif-sif, da rigunan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Sanyin watan Yuli a garin nan ba ya jin magana, don a nan lokacin ne tsakiyar hunturu. Abin da ke riƙe da su shi ne hita, wani akwatin ƙarfe mai girman firiza, rataye da sarƙa a rufi. Gas na ci a cikinta, fanka na hura iska ta kan ƙarfen da ya yi zafi, hayaƙi ya bi bututu ya fita ta sama. Merv, mijin Noelene, wanda shi ma mai gyaran gas ne, shi ya rataye ta da hannunsa. Duk gabanin sanyi sai ya kafa tsani ya hau da burushi. Ya kan ce wuta ma numfashi take yi, kuma kaf rayuwarsa bai yarda ko kwali a jingina da ramukan shan iska da ke gindin bango ba.

To, Merv ya kwanta dama, matan coci suka samu sarari. Su dama sana'arsu ɗinka macijin ƙofa, wannan dogon tsumman da ake ɗura wa yashi a shimfiɗa a ƙasan ƙofa don tare sanyi. Iskar ramukan na dukan ƙwaurinsu, sai suka cusa musu macizan da suka yi kwantai, masu furanni da masu zane, ba su bar ko kafar allura ba. Shago ya yi ɗumi kamar cikin burodi, kowa na sa musu albarka.

Abin da Noelene ba ta faɗa wa kowa ba, ita da ba ta iya riƙe sirrin maƙwabta, shi ne wannan: tun shigowar sanyin bana, bayan abincin rana, idan hita ta daɗe tana ruri, Merv na zuwa. A madubin wani babban sif yake tsayawa, can ƙuryar shago, hannuwansa a aljihu. Ba ya magana, kallonta kawai yake. Duk wanda ya taya sif ɗin sai ta ce an riga an saya. Kuma ba wai ba ta gane ba ne. Wadda ta tsufa a gidan mai gyaran gas ta san abin da ciwon kai a ɗaki mai ɗumi yake nufi. Ta san ranar da Gino ya buɗe hitar nan zai kashe wutarta, kuma Merv tare da wutar zai tafi.

"Wa kika kora?" Dulcie Rowe ce ta leƙo daga kicin. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata, ta doshi tamanin. Ta ƙona burodi kamar kullum, ta kunna fankar da ke zuƙe hayaƙin kicin waje.

"Ɗan gidan Spiteri."

"Wanda matarsa ta bi mai koyar da iyo?"

"Mai koyar da tuƙi ne, Dulcie. In za ki yi gulma ki yi ta daidai."

"Duk ɗaya ne, ta dai iya tafiya." Dulcie ta dafe goshi. "Kaina kamar ana daka. Tsufa bai yi ba."

"Ki sha shayi."

Dulcie ta ɗauki saƙarta ta zauna a keken marasa lafiya da aka kawo na sayarwa, wai ya fi duk kujerun shagon daɗin baya. Ta gangara da shi har ƙarƙashin hita, inda ɗumi ya fi sauka.

Ruwa ya tsinke a waje, ba mai saye ko ɗaya. Noelene na ninke zannuwan gado tana jin ƙarar alluran saƙa, ƙas, ƙas, ƙas, har suka yi shiru. Gilashin taga ya yi gumi yana zuba. Kanta ya yi nauyi, nauyin nan mai daɗi da ta saba jira. Ta ajiye zanin gadon, ta bi tsakanin gadaje zuwa ƙurya, tana gyara gashinta da yatsu.

Yana nan. Hannuwa a aljihu, kai a ɗan karkace.

Sai dai yau ba shi kaɗai ba ne. Akwai mace tsaye a gefensa, gajeriya, ta sa rigar sanyi ruwan hoda. Noelene ta ƙura ido. Dulcie ce, ba tabarau, ta miƙe sambal kamar ba ta taɓa ciwon baya ba, fuskarta a sake. Ta ɗaga kai tana kallon Merv irin kallon mai sauraron labari.

Noelene ta waiwaya. Dulcie na can cikin keke a tsakiyar shago, haɓa a ƙirji, ƙwallon zare ya gangara ƙasa. Ta sake duban madubi. Suna nan su biyu. Merv ya ɗan matsa gefe, kamar mai gyara wa wani wuri.

"Dulcie," ta kira. Muryar ta fito ƙarama. "Ke Dulcie, tashi mana."

Ba motsi.

Ƙafafunta kamar an ɗaura musu dutse, amma ta ja su. Ta kama keken ta baya ta tura, ya ture teburin kofuna, ba ta tsaya ba. A ƙofa macijin ya cije, ta yi ta shurinsa har ya kauce. Iska mai ƙanƙara ta mare ta. Ta tura keken cikin ruwan, ta durƙusa a kan titi tana amai, tana kiran sunan Gino tsakanin yunƙuri. Mai shagon fure na maƙwabta ce ta ruga ta kira shi, ta kuma buga wa motar asibiti waya.

Gino ya zo da gudu, tumbi na rawa. Ya fara rufe gas daga mita a waje, sannan ya miƙa wata 'yar na'ura mai gano iskar guba ta bakin ƙofa. Ta kama tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Sai da iska ta ratsa shagon ya shiga, ya fito da macizai rungume a ƙirji, ya zube su a gabanta.

"Kun toshe mata hanci, fankar kicin kuma na jawo hayaƙin yana dawowa ciki. Ƙarfen cikinta ma ya tsage. Gubar ba ta da wari, Misis Trewin, barci kawai take sa mutum." Bai ƙara ba. Da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi.

A bayan motar asibiti aka zaunar da su, kowacce da robar iska a fuska. Can Dulcie ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon rufin motar, sannan ta janye robar.

"Kin cika katsalandan, Noelene. Mijinki na tsakiyar ba ni labari."

Noelene ta janye tata robar. "Wane miji?"

"Guda nawa gare ki? Ya rame, amma yana nan da surutunsa. Wai wajen nasu ba laifi."

"Ya tambaye ni?"

"Cewa ya yi kullum kina zuwa bakin ƙofa ki tsaya, kin ƙi shigowa. Wai ya gaji da jira." Ma'aikaciyar motar asibitin ta mayar wa Dulcie da robar, ta ce duk wanda ya shaƙi abin nan haka yake sambatu.

Gino ya leƙo kafin a rufe motar, ruwa na ɗiga daga sanƙonsa. Ya ce ya toshe bututun gas ɗin, ba mai iya kunnawa. In kwamiti ya yarda zai nemo sabon ƙarfe ya sa wa hitar, tunda aikin hannun Merv ce, ya san Noelene ba za ta so a sauke ta ba.

Noelene ta dubi shagon. Ƙofa a wangale, ciki duhu, can ƙurya wani abu na ɗan ƙyalli.

"Kada ka gyara," ta ce. "Sauke ta gaba ɗaya. Kuma ka juya min sif ɗin can ya fuskanci bango."